"Without You": wa ya rubuta ta, wa ya fara rera ta, kuma ina kuɗinta suka shiga?

Wanda ya tashi yana sauraron kaset a shekarun 1990 zai rantse cewa "Without You" waƙar Mariah Carey ce. Wanda ya girme shi da shekara ashirin zai ce a'a, ta Harry Nilsson ce. Dukansu biyu sun rera ta, kowannensu kuma ya kai ta matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, amma babu ɗayansu da ya rubuta ko da layi guda a cikinta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wa ya rubuta waƙar?

Pete Ham da Tom Evans, 'yan ƙungiyar mawaƙa ta Badfinger a Birtaniya. An haifi Ham a garin Swansea na yankin Wales ranar 27 ga Afrilun 1947, Evans kuwa a Liverpool cikin watan Yunin wannan shekarar. Waƙar ta fara fitowa a Nuwamban 1970 cikin kundinsu mai suna No Dice, wanda kamfanin Apple ya fitar. A lokacin kowannensu yana da shekara 23.

Su wane ne Badfinger? Ban taɓa jin sunansu ba.

Da yawa ba su taɓa ji ba, kuma wannan na cikin abin da ke ba ni takaici a labarin nan. Asalin ƙungiyar daga Swansea take, tana amfani da sunan The Iveys. Evans ya shigo a 1967, bayan sun koma Landan. A 1968 suka sa hannu da Apple, kamfanin da 'yan Beatles, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, suka kafa, a 1969 kuma aka sauya musu suna zuwa Badfinger. Mutum huɗu ne a lokacin da suka yi tashe: Ham da Joey Molland a kan jita, Evans a kan jitar bes, sai Mike Gibbins mai ganga.

Ba ƙananan mawaƙa ba ne. Paul McCartney na Beatles da kansa ya rubuta musu "Come and Get It", waƙar da ta fara fito da su. Daga nan Ham ya riƙa rubuta musu nasu: "No Matter What", "Day After Day", "Baby Blue", duka sun yi tashe. Sun yi wa George Harrison, shi ma ɗan Beatles, kiɗa a kundinsa All Things Must Pass, sun kuma hau dandali tare da shi a birnin New York ranar 1 ga Agustan 1971, a bikin tara wa 'yan gudun hijirar Bangladesh kuɗi. Kusancinsu da Beatles ya buɗe musu ƙofa, amma ya kuma sa 'yan jarida suka daɗe suna kallonsu a matsayin ƙannen Beatles kawai.

Ta yaya mutum biyu suka rubuta waƙa guda?

Asalinta waƙoƙi biyu ne da babu wadda aka gama. Ham yana da wata da ya sa wa suna "If It's Love". Baitocinta sun yi masa, amma amshinta bai kwanta masa a rai ba. Labarin da aka sani shi ne, wani dare ya yi wa budurwarsa alkawarin za su fita, sai Evans ya roƙe shi ya tsaya su yi aiki a kan wata waƙa. Ya tsaya. Budurwar ta ce ba komai, tana murmushi, amma ya ga ɓacin rai a idonta. Daga wannan daren baitin farko ya samo asali.

Shi kuwa Evans yana da amshi mai ƙarfi da ya rubuta lokacin da tasa budurwar ta bar shi ta tafi Jamus, amma baitocin da ya haɗa masa ba su yi armashi ba. Sai suka ɗauki baitin Ham suka ɗora masa amshin Evans. Idan ka kasa kunne za ka ji wurin ɗinkin: baitin a natse yake, mutum ne ke tuna kuskuren da ya yi, amshin kuma kuka ne na wanda aka riga aka bari. A faifan Badfinger ma haka suka raba rerawar, Ham ya ɗauki baitoci, Evans ya ɗauki amshi.

Me ya sa ta Badfinger ba ta yi tashe ba?

Domin ba a ba ta dama ba. A wancan zamani waƙar da ake so ta shiga rediyo ana buga ta ita kaɗai a ƙaramin faifai. Daga No Dice, "No Matter What" aka zaɓa. "Without You" an bar ta ce a ƙarshen fuska ta farko ta babban faifan, su kansu marubutan ba su ɗauke ta a matsayin wata babbar waƙa ba. Kiɗan da suka yi mata ma na ƙungiyar rock ne zalla: jita, ganga, bes, babu goge, babu wani hawa na ban mamaki.

To yaya aka yi ta faɗa hannun Harry Nilsson?

Nilsson Ba'amurke ne, haifaffen Brooklyn a 1941, wanda ya yi shekaru yana aikin dare a sashen kwamfuta na wani banki a Los Angeles, da rana yana rubuta waƙoƙi. Ya ji waƙar ne a wurin wata liyafa, ya zaci ta Beatles ce. Da ya gano ta Badfinger ce, sai ya ƙudurta zai sa ta a kundin da yake shiryawa, Nilsson Schmilsson.

Anan ne furodusansa, Richard Perry, ya shigo, kuma a ganina rabin nasarar waƙar nasa ne. Nilsson ya fara ɗaukar gwaji da fiyano kaɗai, muryarsa a daƙushe, cike da zafi, kuma haka ya so a sake ta. Perry ya ƙi. Ya dage sai an mayar da ita babbar waƙa mai cikakken kiɗa. A situdiyon Trident da ke Landan aka yi aikin a 1971. Gary Wright ya buga fiyano, Klaus Voormann bes, Jim Keltner ganga, Paul Buckmaster kuma ya tsara gogunan da ke tasowa a bayan murya.

Abin da ya sauya waƙar shi ne yadda aka gina ta hawa-hawa. Ta fara da fiyano da murya ƙasa-ƙasa. Amshin farko Nilsson ya rera shi a hankali, sa'an nan ya maimaita shi can sama, kamar maƙogwaronsa zai tsage. Wannan tsallen, wanda yau kowa ke jira idan an sa waƙar, daga faifan Nilsson ya samu gindin zama. Kusan duk wanda ya rera ta bayan 1971 tsarin Nilsson da Perry ya bi, ba na Badfinger ba.

Wani abu da ya kamata a sani: Nilsson gwanin rubuta waƙa ne. Shi ya rubuta "One", wadda ƙungiyar Three Dog Night ta yi tashe da ita a 1969. Amma waƙoƙi biyun da suka kawo masa Grammy, babbar kyautar mawaƙa a Amurka, duka na wasu ne, wannan da kuma "Everybody's Talkin'" ta Fred Neil.

Wane irin nasara ta samu?

Ta yi mako 4 a matsayi na ɗaya a Amurka daga Fabrairun 1972, ta yi mako 5 a matsayi na ɗaya a Birtaniya. A 1973 Nilsson ya karɓi Grammy saboda rerawarsa. Ham da Evans kuma an ba su kyautar Ivor Novello, wadda ake bai wa marubuta waƙa a Birtaniya.

Wannan ba sata ba ce? Ya nemi izininsu?

Ba sata ba ce, kuma a dokar Amurka ba ya ma buƙatar izininsu. Doka ta raba waƙa gida biyu. Akwai ita waƙar kanta, wato kalmomi da karin sauti, wannan mallakar marubuci ce da kamfanin da ke kula masa da haƙƙinsa. Akwai kuma ɗaukar da aka yi a situdiyo, wadda yawanci mallakar kamfanin faifai ce. Nilsson bai taɓa faifan Badfinger ba, sabon ɗauka ya yi.

Tun 1909 dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta tanadi cewa da zarar marubuci ya yarda an saki waƙarsa a faifai sau ɗaya, kowa na iya sake ɗaukar ta, muddin ya sanar ya kuma biya kuɗin da doka ta yanke a kan kowane kwafi. A 1971 kuɗin santi 2 ne na dalar Amurka (santi 100 ke yin dala ɗaya), kuma haka yake tun 1909 ba a ƙara ba sai a 1978. Ya kai santi 9.1 a 2006, ya koma santi 12 a 2023. Sharaɗin shi ne kada a sauya ainihin karin waƙar. Wannan sassauci kuma na sauti ne kawai; wanda zai sa waƙa a fim ko talla dole ya je ya nemi izini a yi ciniki.

Ban da kuɗin faifai, akwai na rediyo da talbijin da wuraren taro. Ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI a Amurka, da PRS a Birtaniya, su ke karɓa su raba wa marubuta. A Amurka ma, idan gidan rediyo na gargajiya ya sa waƙa, marubuci ake biya, ba mai rerawa ba. Ke nan duk lokacin da aka sa faifan Nilsson, kuɗi ne ke taruwa da sunan Ham da Evans. Nilsson alheri ya yi musu. Matsalar tana kan hanyar da kuɗin ke bi kafin su iso hannunsu.

Ina kuɗin suka shiga?

A ƙarshen 1970 ƙungiyar ta sa hannu da wani manajan kuɗi Ba'amurke mai suna Stan Polley. Ya kafa kamfani da sunansu, aka tsara cewa kuɗin da suke samu, na wasanni da na faifai da na rubutu, za su riƙa bi ta asusun da yake riƙe da shi, su kuma a riƙa ba su albashi. Samari ne da suka san jita, ba su san takardun kwangila ba. An yi musu gargaɗi, amma Ham musamman ya amince da mutumin har zuciyarsa.

A gefe guda kuma kamfanin Apple ya shiga ruɗani bayan rabuwar Beatles, shari'o'i suka yi masa yawa, kuɗin da Badfinger ke bi suka maƙale. Polley ya kai su kamfanin Warner Bros. da kwangila mai tsoka. Warner ta zuba kuɗi a wani asusun amana, daga baya ta nemi bayanin kuɗin ba ta samu ba. Sai ta kai ƙara, ta kuma janye kundinsu Wish You Were Here daga kasuwa makonni kaɗan bayan fitowarsa a ƙarshen 1974, alhali masu sharhi suna yabonsa. A farkon 1975 albashin ma ya tsaya. Ba su iya sakin sabon faifai, babu kamfanin da ke son taɓa su saboda shari'a, waƙarsu kuwa tana tashi a gidajen rediyon duniya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Gaskiya ne marubutan biyu duka kashe kansu suka yi?

Gaskiya ne. Ham ya kashe kansa ranar 24 ga Afrilun 1975, saura kwana 3 ya cika shekara 28. Bai daɗe da sayen gida ba, bashi ya hau kansa, budurwarsa kuma tana da tsohon ciki. An haifi 'yarsa bayan wata guda. A takardar da ya bari ya ambaci sunan Polley ya ɗora masa laifi.

Evans bai taɓa warkewa daga mutuwar abokinsa ba. Shi da Molland sun sake farfaɗo da ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1970, suka saki kundi biyu, daga baya suka ɓata, kowa ya riƙa yawo da tasa ƙungiyar da sunan Badfinger. Rigimar kuɗin "Without You" ta ƙara raba su, domin akwai tsohuwar yarjejeniya ta baka cewa za a riƙa raba kuɗin rubutu tsakanin 'yan ƙungiya da manajansu na farko, Bill Collins, kuma kowa da yadda ya fahimce ta. Evans ya kashe kansa ranar 19 ga Nuwamban 1983 yana da shekara 36, washegarin wata zazzafar gardama ta waya a kan kuɗin. Sai bayan rasuwarsa aka daidaita yadda za a yi rabon, aka ba marubuci kaso mafi girma, sauran suka raba abin da ya rage.

Ba na son a mayar da mutuwar mutum biyu abin ƙawata labarin waƙa. Na kawo ta ne domin mutanen da ke jin daɗin waƙar su san abin da masu ita suka gani.

Yaushe Mariah Carey ta rera ta?

Tana cikin kundinta Music Box na 1993, kuma ita kaɗai ce waƙar da babu hannun Carey a rubutunta a cikin kundin. Tare da furodusa Walter Afanasieff ta shirya ta. Faifan Nilsson ta sani tun tana yarinya, shi ta bi, ta ƙara masa 'yan amshi masu salon waƙar coci da kuma irin jan muryar da aka san ta da shi. An sake ta ita kaɗai a Janairun 1994, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Nilsson, wanda ciwon zuciya ya ɗauke ranar 15 ga watan yana da shekara 52. Haɗuwar lokacin ba shiri ba ne, domin an riga an ɗauki waƙar tun shekarar da ta gabata.

A Amurka ta tsaya a matsayi na 3. A Birtaniya kuwa ta shiga kai tsaye a matsayi na ɗaya ta yi mako 4, kuma wannan ne karon farko da Carey ta hau wannan matsayi a can. Ta kuma yi na ɗaya a Jamus da wasu ƙasashen Turai.

Ni kuwa a bakin ƙungiyar Air Supply na san ta. Ba tasu ba ce?

Sun rera ta a 1991, shekara 21 bayan ta asali. Da yake ta yi kama da irin waƙoƙinsu na rabuwa da kewa, mutane da yawa sun ɗauka tasu ce. Shirley Bassey da ƙungiyar Heart ma sun rera ta tun a shekarun 1970, kuma mawaƙan da suka ɗauke ta sun haura 180.

Akwai kuma wata waƙa daban da ake rikita ta da wannan saboda kamannin suna, "How Am I Supposed to Live Without You". Michael Bolton da Doug James suka rubuta ta, Laura Branigan ta fara fito da ita a 1983, sa'an nan Bolton ya rera abarsa a 1989. Babu abin da ya haɗa ta da Badfinger.

Haka abin yake a sauran sassauƙan waƙoƙin rock, ko wannan ce kaɗai?

Ya yi yawa. Salon ya dogara ne da murya mai kyau da amshi mai kama zuciya, shi ya sa furodusoshi kan tono waƙar da ta fito ba ta yi nisa ba, su ba mai babbar murya. "Mandy" ta Barry Manilow asalinta "Brandy" ce, Scott English da Richard Kerr suka rubuta, English ya sake ta a 1971. "I Write the Songs", wadda Manilow ya kai matsayi na ɗaya a 1976, Bruce Johnston na ƙungiyar Beach Boys ne ya rubuta. "All by Myself" ta Eric Carmen ce tun 1975 kafin Celine Dion ta rera ta a 1996, shi ma Carmen ya ari karin baitinta daga kiɗan Rachmaninoff, ɗan Rasha.

Misalin da ya fi nuna bambanci shi ne na Dolly Parton. Ita ta rubuta "I Will Always Love You" ta sake ta a 1974, ta kuma riƙe haƙƙinta a kamfaninta na kanta. Da aka nemi ta ba da rabin haƙƙin domin Elvis Presley ya rera, ta ƙi. Da Whitney Houston ta girgiza duniya da waƙar a 1992, kuɗin rubutu kai tsaye suka zo wa Parton. Doka ɗaya ce ta shafi Parton da Ham. Abin da ya raba su shi ne wanda ke riƙe da asusu.

Wacce ta fi kyau a cikin ukun?

Ni dai ta Nilsson. Carey ta fi shi faɗin murya, babu musu, amma a wurinta kana jin gwana ce da ta san za ta kai inda take so. A wurin Nilsson kana jin mutum ne da ke iya faɗuwa a kowane lokaci, kuma abin da kalmomin ke nufi ke nan. Ta Badfinger ba ta kai su kwalliya ba, ƙarshenta ma ya ɗan ja, amma ita kaɗai ce za ka ji muryoyin mutanen da abin ya faru da su.

Ta yaya zan gane marubucin waƙa da kaina?

A faifai ko kaset na asali, duba ƙananan sunayen da ke ƙarƙashin sunan waƙa. A faifan Nilsson da na Carey duka sunayen Ham da Evans suna nan. A Spotify da Apple Music akwai wurin da ake nuna waɗanda suka yi aikin waƙa, har da marubuta. ASCAP da BMI kuma suna da rumbun bincike a intanet kyauta. Shafukan da ke kawo kalmomin waƙa kada ka dogara da su, sau da yawa sunan mai rerawa kawai suke sawa.

An tuna da su daga baya?

An tuna, ko da yake a makare. A Afrilun 2013 aka kafa allon tunawa da Pete Ham a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Swansea. A Satumbar wannan shekarar aka rufe shirin talbijin na Breaking Bad da "Baby Blue", sai ga matasa da ba a haife su ba lokacin da aka rubuta ta suna neman sunan ƙungiyar. Gibbins ya rasu a 2005, Molland kuma, na ƙarshe a cikin huɗun, a Maris ɗin 2025. Wanda ke son sanin aikinsu ya fara da No Dice, sa'an nan Straight Up na 1971, inda "Day After Day" da "Baby Blue" suke.